Shekarar da Malam Ya Daina Soya Albasa

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a gabana, ina jin ku, ban taɓa tanka muku ba. Duk ranar da kuka haɗu a gidan nan, aka ci aka sha, hira ta zagayo kan mahaifinku, sai ɗayanku ya ce Mista Kolin maƙwabcinmu ne ya kashe mana Asabar. Jidda, ke kin fi kowa faɗa. Babangida ya gyaɗa kai, Sadiku ya yi tsaki, ni kuma in miƙe in ce bari in duba shayi. To ba shayi nake dubawa ba. Tsayawa nake yi a kicin har ku canza hira. Mista Kolin bai yi muku komai ba. Yau zan faɗa muku yadda aka yi tun daga farko, don in na ɗauko daga tsakiya ba za ku gane ni ba. Ban ce ku ba ni gaskiya ba. Ku dai karanta har ƙarshe.

Shekarar da Malam ya ajiye tuƙin bas ce. Lokacin duk kun watse. Babangida ya yi aure yana Woolwich, Jidda ta kama fulat a Lewisham kusa da wurin aikinta, Sadiku kuma yana jami'a, sai ya ga dama yake ɗaga waya. Gidan nan na Barking da muka yi shekaru muna kukan ya yi mana kaɗan, sai ga shi ya yi mana yawa. Ni ban damu sosai ba, kun san ni da zaman gida, in akwai rediyo da tukunya a wuta to na ƙoshi. Amma mahaifinku mutum ne da ya saba fita tun duhun asuba, yana ganin fuska dubu kafin azahar. Wata uku da ritaya ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, sannan ya koma gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance ƙofar banɗaki ya mayar. Ya jera mini gwangwanayen kayan miya bisa tsawonsu, na kwana biyu ina neman daddawa. Da ƙaninsa Baffa Sani ya kira daga Amurka ya ce ya zo ya huta a wurinsa, ni na fara haɗa masa jaka.

Sati biyar ya yi a Oklahoma. Da ya dawo na zauna in ji labarin Amurka, sai ya kasance labari ɗaya ne tak a bakinsa: wani ɗan shagon abinci a bakin hanya, inda Baffa Sani ya sayi nama halal ya roƙi mai shagon ya goge ƙarfen suyarsa ya soya musu.

"Talatu, albasa ta fi naman yawa," in ji shi. "Sun ce abincin talakawansu ne na da, sanda nama ya yi wuya. Ina sa ƙafa a wurin na ji ni a Aliero, gindin rumbun babanmu."

Na ce, "Kai yanzu duk faɗin Amurka abin da ka gano ke nan? Mutane na dawowa da turare da agogo."

"Awo," in ji shi. "Shi na gano."

Shekara talatin da wani abu a Landan ba su raba shi da harshen Kabi ba. Kakanku manomin albasa ne, wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne rabon mahaifinku da ambaton Aliero da fara'a tun rasuwar kakan naku, don bai samu zuwa jana'iza ba. Ranar na ga fuskarsa ta buɗe, amma ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Na ɗauka zai wuce kamar gyaran ƙofa.

Bai wuce ba. Sati biyu sai ga mota ta sauke wani faffaɗan ƙarfe baƙi mai ƙafa huɗu, da tukunyar gas. Ya kafa shi a ɗan lambun da ke baya, jikin katangar katakon da ta raba mu da Mista Kolin. Ya je shagon kayan gini ya sayo cokalin magina sabo fil, wanda ake shafa siminti da shi, ya ce da irinsa ya ga ana danna naman a can. Na yi dariya har na riƙe ciki. Bai kula ni ba. Ya yini yana shafa wa ƙarfen mai yana ƙona shi, ya shafa ya ƙona, har ya koma sheƙi kamar goshin jariri. Albasar Ingila ya ce ruwa ce zalla, sai da ya zaga shaguna huɗu yana shinshinawa yana matsa wuyan kowace, kafin ya yarda da ta wani Baturke. Ya wasa wuƙa ya zauna a kan kujera 'yar tsuguno yana yanka ta siriri, in ka ɗaga yanki ɗaya kana hango hasken rana ta cikinsa. Ni ina bakin ƙofa hawaye na zuba, shi idonsa ƙalau.

"Mu albasa ba ta sa mu kuka," in ji shi. "Ta san gidanmu."

Zan faɗi yadda yake yi, don na kalle shi ta tagar kicin fiye da yadda kuke zato. Niƙaƙƙen nama mai kitse, ya ce wa mahauci kada ya kuskura ya cire. Ya dunƙula kamar girman ƙwai, ya ɗora a ƙarfen sanda ya yi zafin da in ka ɗiga ruwa zai yi tsalle. Gishiri kaɗan. Sai ya ɗebo albasa cike da hannu, wadda ya riga ya matse ruwanta a tsumma mai tsabta, ya tula a kan naman har ba ka ganinsa. Sannan ya ɗora cokalin maginan nan ya danna da ƙarfinsa duka, har naman ya baje ya haɗiye albasar. Sau ɗaya ake dannawa, ya sha faɗa, wanda ya danna sau biyu ya matse daɗin ya zubar. Daga nan ba ya taɓa shi sai gefen ya yi duhu ya fara ƙanƙamewa. Sai ya kankare ya juya, albasa ta koma ƙasa tana soyuwa a cikin kitse, ya ɗora cuku a sama, ya kifa burodin a kai ya sha tururi. Abu ɗaya ne nasa na kansa da ba na Amurka ba: yajin ƙuli, ɗan tsinken yatsa, daf da zai sauke. Baga dai yake kiran abin, kamar yadda kuke kira, amma ban taɓa cin mai kama da ita a wani wuri ba. Na ci, kuma ta yi daɗi. Ban faɗa masa ba. Cewa na yi, "Ba laifi."

Sadiku ne ya fara zuwa, wata Asabar da ya zo wanki. Ya ci huɗu a tsaye, ya ɗauki hoto ya tura muku. Asabar ta gaba Jidda ta zo. Ta gaba da ita Babangida da matarsa Nafisa, tana da ciki wata shida, ta ce ba abin da yake zama mata a ciki sai wannan. Kafin bazarar Turawa ta yi nisa Asabar ta zama doka. Ba wanda ake kira, ba wanda ake roƙo. Ƙarfe biyu gidan ya cika. Malam ya yi muku Hausa ku mayar masa da Turanci, ya ce a miƙo faranti ku ce masa "coming, Baba," ya yi kamar zai jefe ku da cokalin. Mista Kolin kuwa, dattijon da muka tarar a layin tun zuwanmu, wanda matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai, sati na biyu ya leƙo ta saman katanga ya ce wannan ƙamshi zai sa a kama mutum. Daga ranar ta farko da ta sauka tasa ce. Malam ya naɗe a takarda ya miƙa masa ta sama, su tsaya suna gardamar ƙwallo, ɗaya a nan ɗaya a can.

Ya kamata in yi murna. Na yi, rabi. Ɗaya rabin kuma bari in faɗa muku shi yadda yake. Shekara talatin da huɗu ina girki a gidan nan. Na ɗauko kuka da kuɓewa busasshiya a jaka daga Kano, na bi layi a kasuwar Lewisham cikin sanyi don in samo muku alayyafo mai kyau. Da kuka girma sai kuka fara cewa tuwo ya yi nauyi, miya ta yi mai, kun ci a waje. In na kira na ce na yi dambu ku zo, sai a ce aiki, sai a ce wani satin. Yanzu ga mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba, da cokalin siminti, ya tara ku cikin wata ɗaya. Duk Asabar ina yin shinkafa da miya in ajiye a kan tebur ko wani zai so, duk Asabar in mayar da ita firij ba a buɗe murfin ba. Ba wanda ya lura. Ban ga laifinku ba, yara ne ku a idona har gobe. Amma abin yana nan yana taruwa.

Ranar sunan ɗan Babangida abin ya fashe. A gidan nan aka yi taron don fulat ɗinsu ba zai ɗauki mutane ba. Mahaifiyar Nafisa ta zo takanas daga Kano, tare da aminiyarta Hajiya Turai, matar wani likita a Woolwich. Kwana biyu ban zauna ba. Waina da miyar taushe, funkaso, dambun shinkafa, farfesun kayan ciki, kunun gyada don mai jego. Mma Adisa, ƙawata 'yar Gana, ta zo tun safe ta taya ni. Na roƙi Allah a zuciyata kada Malam ya kunna ƙarfen nan ranar, amma ban faɗa masa ba, don na ɗauka ko makaho ya san ba a yin haka gaban surukai. A gida, mutum ko ruwa ba ya sha a gaban surukarsa. Bayan azahar yaran baƙi suka fara rigimar ba sa cin waina. Kafin in ankara na ji ƙamshin albasa. Na leƙa, sai ga mahaifinku ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya ɗaura atamfar girki a kan shadda, hula ta koma ƙeya, gumi na bin wuyansa. Yara suka yi layi. Bayan yara samari. Bayan samari sai matan falo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Da idona na ga ya naɗe guda a takarda, ya taka har bakin ƙofa, ya miƙa wa mahaifiyar Nafisa hannu da hannu. Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta ja mayafi ta karɓa da hannu biyu.

Hajiya Turai tana cin tata tana lashe yatsa ta juyo gare ni, a tsakiyar mata.

"Maman Jidda, ashe ke kin huta. A gidanku maigida ne da girki?" Ta ɗan rage murya, amma yadda kowa zai ji. "Don Allah wane malami ne ya yi miki wannan aikin? Ki kai mu mana, mu ma mu samu."

Aka yi dariya. Mma Adisa ce kaɗai ta tare mini, da Hausarta ta Kumasi da mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta.

"Bar shi ya faɗi, Maman Jidda. Kai ka yi sa'a. Miji na ko ruwan zafi bai iya ba."

Na yi dariya tare da su, don ba yadda zan yi. Ku da kuka tashi a nan ba za ku ji nauyin maganar ba, za ku ce wasa ne. Ma'anarta ita ce na bi bokaye na mallake mahaifinku, na mayar da shi bawan kicin. Da yamma da aka watse na buɗe kulolina, wainar da na tsaya a kanta tun asuba ko rabi ba a ci ba. Kwana uku bayan nan yayata Rabi ta kira daga Fagge. Wani ya ɗauki bidiyo ya tura, ya zaga dangi har ya iso gare ta.

"Talatu, ciwo kike yi ne?"

Na ce lafiyata ƙalau.

"To me ya kai Malam bakin murhu da furfurarsa, ke kina raye? Haka Inna ta koya mana? Mutane na tambayata, na rasa abin faɗa."

Yanzu za ku ce, Umma, me ya hana ki zaunar da shi ki ce abin nan yana damuna? Jidda, na san haka za ki ce, don haka kike yi da naki mijin, kuma ina sha'awar ku. Ni ba haka aka raine ni ba. Mace ba ta duban mijinta ta ce masa daina. In abu ya dame ta sai ta bi ta bakin wani. A gida da sai in je wurin yayarsa ko wani kawunsa, in yi shiru in sunkuyar da kai har a tambaye ni, shi kuma a kira shi a gefe a ce wane, abu kaza bai dace ba. Ba wanda ya ji kunya, ba wanda ya yi wa wani tsawa. Haka muka zauna shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin kanmu ba. Amma a Barking ba ni da yayarsa, ba ni da kawunsa. Na duba hagu na duba dama, bakin da na san Malam ba zai taɓa ƙetarewa ba guda ɗaya ne, bakin maƙwabci. Kun san shi da haƙƙin maƙwabtaka, ko rediyo ba ya bari a ƙara wa murya. Sai na ari bakin Mista Kolin ba da saninsa ba.

Ranar Alhamis ce da hantsi. Yana zaune a kicin yana wasa wuƙarsa saboda Asabar. Na juya masa baya ina wanke kofin da na riga na wanke.

"Jiya da ka tafi masallaci Mista Kolin ya ƙwanƙwasa," na ce. "Ya ce hayaƙin nan yana shiga ɗakinsa, ƙirjinsa na ciwo. Nauyinka yake ji, shi ya sa bai faɗa maka ba."

Ƙarar wuƙar ta tsaya.

"Mi? Da wane harshe kuka yi wannan doguwar magana?"

"Ina jin Turanci. Mayarwa ce ban iya ba."

"Haka ne," in ji shi. "Kunnenki ya fi na kowa a gidan nan."

Na ji kamar bai gama yarda ba, sai na ƙara. Na ce 'yarsa ma ta ce in ba a daina ba za ta kai ƙara kansul, wato ƙaramar hukuma. Wannan ƙarin shi ya fi ci mini rai har yau, don ba dole a cikinsa. Ya ajiye dutsen washi. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, ashe mutumin da yake miƙa wa abinci cutar da shi yake yi. Ya mayar da wuƙar aljihun tebur, ya ɗauki hularsa ya fita. Na ɗauka masallaci ya tafi. Ban kawo a raina zai je ba da haƙuri ba, alhali duk wanda ya san mahaifinku ya san abin da zai fara yi ke nan. Sai bayan la'asar ya dawo. Ya nemi ruwa na kawo masa. Ya sha, ya riƙe kofin, ya dube ni irin duban da rabon da ya yi mini tun muna sabon aure.

"Talatu, ƙarfen nan ya dame ki?"

Na ce, "Ni? Me ya haɗa ni da ƙarfenka?"

"To," in ji shi.

Ƙofa ya buɗe mini, yanzu na sani. Kalma ɗaya ce, e. Da na faɗe ta da ya tambaye ni dalili, da na yi kuka na gaya masa maganar Hajiya Turai da ta Yaya Rabi da kulolin waina, da wataƙila ya yi dariya ya ce to daga yau ke ki yi miya ni in yi nama. Ban faɗa ba. Washegari ya goge ƙarfen, ya shafe shi da mai, ya kira mijin Mma Adisa ya zo da mota ya ɗauke.

Ranar Asabar kuka zo kuka tarar da wurin fili, sai shatin ƙafafu huɗu a kan ciyawa. Ku tuna abin da ya ce muku, don ni na riƙe shi kalma da kalma. Cewa ya yi, "An daina. Hayaƙi na damun mutane." Bai ambaci sunan kowa ba. Jidda ce ta biyo ni kicin tana tambaya wane mutane, ni kuma na ce Mista Kolin. Ban san kin tafi kin rubuta masa takarda ba sai da kika dawo kina karanta mana kwafinta a falo, da Turancinki mai kaifi. Na tsinci abin da na tsinta. Kin ce masa munafuki, ya ci abincinmu wata huɗu yana murmushi. Kin ce da fararen fata ne ke gashi da bai ji hayaƙi ba. Ranar ce kaɗai na ga mahaifinku ya ɗaga miki murya.

"Ki je ki karɓo takardar nan yanzu. Mutumin nan bai yi miki komai ba."

Kika ce masa ya cika sanyi, shi ya sa ake taka mu a ƙasar nan. Ya juyo ya dube ni. Ina zaune da carbi a hannu. Na sunkuyar da kai.

Asabar ba ta mutu rana ɗaya ba. Sati biyu na farko kun zo, na yi tuwon shinkafa da miyar agushi, kuka ci don kada in ji babu daɗi. Daga nan aka fara: jariri na mura, an yi cancel ɗin jirgi, layin dogon District a rufe, jarrabawa. Kafin sanyi ya shigo mun koma Sallah da Sallah. Na samu abin da na nema, kicin ya dawo nawa ni kaɗai, ina girka wa mutum biyu. Mahaifinku bai canza mini fuska ba ko sau ɗaya. Yana cin abin da na ba shi, ya ce Allah ya yi albarka. Sai dai ya koma zaman falo gaban talabijin, kuma bai sake ambaton Aliero ba. Duk Alhamis ya fita ya jawo wa Mista Kolin kwandunan shararsa bakin titi, ya aske masa shingen gaba, wani lokaci ya shiga su sha shayi. Kuna cewa Baba ya cika haƙuri, mutum ya yi maka haka kana masa bauta. Ni ma ban gane ba. Ban ce rashin ƙarfen ne ya kashe mahaifinku ba, kwanansa ne ya ƙare, zuciya ce, kwana tara a asibiti. Amma shekara biyun nan na ƙarshe da ya yi su a kan kujera, da a tsaye zai yi su, da ku kewaye da shi. Ni na karɓe su.

Rana ta uku da rasuwa Mista Kolin ya zo gaisuwa, da baƙar kwat, yana dogara sanda. Jidda ta gan shi ta taga ta haye sama. Mma Adisa ce ta buɗe masa. Ya daɗe a bakin ƙofa yana fama da igiyar takalmi, don ya ga takalma a jere. Falo cike da mata, sai aka sa masa kujera a ƙofar kicin, na zauna nesa kaɗan cikin mayafin takaba. Ya yi magana a hankali saboda ni, kuma ban rasa ko kalma ɗaya ba. Ya kira sunan mahaifinku ya ce bai taɓa maƙwabci irinsa ba. Sannan ya ce yana so in sani bai taɓa riƙe ni a zuciya ba kan maganar hayaƙin nan. Ya ɗauka na san komai. Ya ɗauka Malam ya gaya mini tun tuni.

Ya ce ranar Alhamis ɗin nan Malam ya shigo masa yana ta ba da haƙuri, shi kuma bai gane kan zancen ba. Da ya gane sai ya ce masa shi bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ƙirjinsa lafiya lau, kuma tun rasuwar matarsa ba ranar da yake jira a sati irin Asabar. Ya ce Malam ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce masa, "Matata ta yi mini girki shekara talatin da huɗu, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni komai ba. Wannan ne na farko, kuma ka ga ta inda ta biyo. Ina roƙonka ka bar shi a yadda ta faɗa." Mista Kolin ya ce ya amsa masa. Da takardar Jidda ta zo ya nuna masa, Malam ya karanta ya rufe fuska da hula, ya ce zai je ya faɗa wa yaran gaskiya. Shi Mista Kolin ne ya hana. Ya ce shi tsoho ne, bayansa zai ɗauka, kada yara su ga uwarsu a haka.

Matan falo sun ji kukana, suka ce Allah sarki, sabo. Ba wadda ta san me nake yi wa kuka.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar. Da na so, da ranar na tara ku. Na ce sai an yi bakwai, na ce sai na fita takaba, na ce sai Jidda ta haihu. Kuna wuce Mista Kolin a bakin ƙofa ba gaisuwa, ina gani ta labule. Bara da 'yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa gidan kula da tsofaffi, kuna nan kun zo Sallah, ya tsaya jikin mota ya ɗaga wa gidan nan hannu. Ba wanda ya fita. Ni ma ban fita ba. Tsoro nake kada ku dube ni yadda kuke dubansa, gaskiyar ke nan, ba wata kunya ba ce ta gargajiya. Maza biyu suka rufa mini asiri, ɗaya mijina, ɗaya ba dangin iya ba na baba, ni kuma na bar ku kuna zagin wanda ya rage.

Satin da ya wuce 'yar tasa ta zo kwashe sauran kaya don an sayar da gidan. Na fita da silifas na tare ta. Ta ce jikin ya yi rauni sosai amma hankalinsa garau, har yana tambayar ko jaririn nan ya shiga makaranta. Ta rubuta mini adireshin a bayan ambulan. Ranar Lahadi ake barin baƙi, daga ƙarfe biyu. Jidda, ki zo da mota. In ba ki shirya yi masa magana ba kada ki yi, in kuma ni ce ba kya son yi wa magana a hanya, na yarda, sai mu tafi shiru. Ni zan yi magana, kuma kada wanda ya fassara mini, na gaji da bi ta bakin wani. Na haɗa kalmomin da Turancina, ba su da yawa, ina ta maimaita su ina wanke-wanke. Nasa ke nan, kuma in Allah ya kai mu zai ji su. Na mahaifinku ma na haɗa su tuntuni, da Hausa, sun fi waɗannan sauƙi. Su ne ba ni da inda zan kai.